Ƙanwata da Wutar Ƙarƙashin Ƙasa

Shekarun baya, lokacin da kuɗin wutar lantarki ya fara irin hawan nan da ba ya saukowa, wani abu ya faru a gidanmu na unguwar Sheshe, cikin birnin Kano, wanda har yau idan na tuna shi sai tsigar jikina ta tashi. Na ga kwanakin nan kowa a shafin nan kukan kuɗin wuta yake yi, shi ya sa na ce bari ni ma in ba ku nawa labarin. Ni tela ne, ba injiniya ba, don haka duk wanda ya ga na karkace wajen bayanin kimiyya ya yi mini afuwa.

Mu uku ne a wurin mahaifinmu: yayana, sai ni, sai ƙanwata wadda ita ce auta. Mahaifiyarmu ta daɗe da rasuwa. Mahaifin namu malami ne, Malam muke ce masa kamar yadda kowa a unguwa yake faɗa, kuma a zauren gidanmu yake ba da karatu tun kafin a haife ni. Ɗalibansa duk dattawa ne masu furfura, kowa ya zo da littafinsa a gafaka bayan sallar asuba. Asalinmu Barno ne, amma an daɗe ƙwarai da zuwa, abin da ya rage mana na Barebari bai wuce tsokanar da Fulanin unguwa suke yi mana ba. Malam bai taɓa kwana a wajen ganuwa ba sai shekarar da ya je aikin Hajji.

Sunan mahaifiyarsa aka sa wa ƙanwata, saboda haka Uwata yake kiranta, kuma a gidan nan babu mai taɓa ta ya zauna lafiya. Ita ce mai ƙwaƙwalwar boko a cikinmu. Da ta gama jami'a sai ta samu tallafin ƙaro karatu a Kenya. Ranar da ta zo sanar da Malam ina zaune, ya tambaye ta karatun mene ne wannan da sai an ƙetare ƙasashe.

Ta ce, "Malam, karatun yadda ake samo wuta daga ƙarƙashin ƙasa ne."

Ya ajiye carbinsa, ya dube ta ta saman tabarau.

"Uwata, mu nan kullum roƙon Allah muke yi ya nesanta mu da ita. Ke kuma ita za ki hau jirgi ki je nema?"

Fuskarsa ko alamar murmushi babu. Har gobe ban san ko wasa yake yi ba, don Malam mutum ne da zai kashe ka da dariya shi kuma yana nan kamar an aiko masa da saƙon mutuwa. Amma maganar ta fita unguwa, kuma ta fita a karkace. Sai ga wata tsohuwa maƙwabciyarmu ta shigo da sandarta tana tambaya wai da gaske ne yarinyar nan za a kai ta inda bakin wuta yake, kuma Malam da iliminsa ya yarda? Ni kuwa na samu abin yi. Tun daga ranar na laƙaba mata Injiniyar Ƙarƙashin Ƙasa.

Ta tafi, ta yi karatunta, ta dawo. Abin da ta nuna mana a wayarta ranar da ta sauka ban taɓa ganin irinsa ba. Wani fili ne tsakanin duwatsu, tururi fari fat yana fitowa daga ƙasa da ƙugi har ba ka jin maganar mai ɗaukar hoton, ga manya-manyan bututai sun bi kan tudu sun gangara, ga raƙuman dawa suna kiwo a gefe ko a jikinsu. Ta ce rami ake haƙawa mai zurfin da hankali ba ya ɗauka, har a tarar da ruwan da duwatsun ƙasa suka dafa, tururinsa ya taso ya juya inji, injin ya ba gari wuta. Malam ya karɓi wayar ya kusanto da ita idonsa. Ya tambaya wa yake hura wutar da ke dafa ruwan, ta ce babu kowa, haka take tun da aka halicci ƙasa. Ya tambaya ko tana raguwa, ta ce ba raguwar da ɗan Adam zai gani ba. Sai ya yi tasbihi a hankali ya miƙa mata wayar.

Ni tambayata ta 'yan kasuwa ce. Na ce to idan wutar kyauta ce, me ya hana duniya duka ta koma can? Sai ta ce ai kuɗin duk a wurin haƙa yake, kuma kuɗi ne mai firgitarwa, ga shi ana iya haƙawa a tarar babu komai, shi ya sa masu kuɗi suke jan ƙafa. Amma idan aka dace, to an huta da sayen mai har jikoki. Ta ce in kwatanta da mai haƙa rijiya da mai sayen ruwa a wurin 'yan ga-ruwa: ɗaya ya sha wuya sau ɗaya, ɗaya kuma kullum hannunsa yana aljihu, kuma duk ranar da aka ƙara wa jarka kuɗi ba shi da bakin magana. Na tambaye ta ko ƙasar Kano tana da irin wannan zafin a kusa, ta ce a'a, namu yana can nesa ƙwarai. Na ce madalla, ashe kamun kifi kika je kika koyo, ga shi garinmu babu kogi. Ta harare ni, ta ci gaba da neman aiki, daga baya ta samu koyarwa a wata makaranta.

A wannan tsakanin ne jikin Malam ya fara ƙi. Ciwon zuciya ne, ƙafafunsa suna kumbura, numfashi yana yi masa wuya, kuma likita ya ce babban abokin gabarsa shi ne zafi. Yayana mutum ne mai hali, yana da gidansa a sabuwar unguwa can wajen gari, kuma ba ya wasa da lamarin Malam. Nan da nan ya sa aka kafa esi, na'urar sanyaya ɗaki, a ɗakin Malam. To amma esi ba da addu'a yake aiki ba. Wutar ba ta zuwa sai ta ga dama, idan ta zo kuma mita ta dinga lashe kati kamar an aiko ta. Ni da nake sayen katin na san abin da nake faɗa, don a shagona ma tuni na ajiye dutsen guga na lantarki na koma na gawayi. Na ɗauko janaretan shagon na kawo gida, sai ya zama an gudu ba a tsira ba. Gidan cikin gari ne, tsakar gida ƙarama, hayaƙin ya rasa inda zai bi sai ɗakin mara lafiya, ƙarar kuma ta hana Malam jin karatun ɗalibansa. Ga man fetur shi ma ya bi sahun wuta.

Da bazara ta matso sai yayana ya tara mu ya ce magana ta ƙare, zai ɗauke Malam ya mayar da shi gidansa inda ya cika rufi da sola. Maganarsa gaskiya ce, kuma saboda ƙauna ya yi ta. Amma da aka faɗa wa Malam sai ya juya fuskarsa bango. Can ya ce daga zauren nan aka fitar da mahaifinsa, daga nan aka fitar da kakansa, daga nan aka fitar da uwar 'ya'yansa, shi kuma ba ya son a zo ɗaukarsa a tarar ya ƙaura. Ya ce dattawan da ke zuwa karatu ba su da ƙafar bin sa wajen gari. Bai ce ba zai je ba, don bai saba musu da 'ya'yansa ba, amma daga ranar ya rage cin abinci. Na ji tsoro ƙwarai, don na ga idan zafi bai kashe shi a nan ba, to ƙaura za ta kashe shi a can.

Washegari ƙanwata ta same ni a shago da rana tsaka ta ce in taso. Ta kai ni rijiyar masallacin unguwarmu, ta sa na ja guga ɗaya, ta ce in sa hannu. Na sa, na ce da sanyi, sai me? Ta ce in tuna lokacin sanyi da asuba, idan mun zo alwala a nan, yaya ruwan yake? Na ce da ɗumi, har tururi yake yi, wannan ai ko yaro ya sani.

Ta ce, "To Yaya, ruwan nan bai taɓa canjawa ba. Yadda yake da sanyi haka yake da bazara. Mu ne muke canjawa a sama."

Na tsaya da guga a hannu kamar wani sakarai. Shekara da shekaru ina alwala da ruwan nan, a zatona rijiya ce take da wata dabara ta ɗumama ruwa idan ana sanyi ta sanyaya shi idan ana zafi. Ta ce idan aka nutsa ƙasa kamar gaba biyu zuwa uku, to can ba a san bazara ba, ba a san hunturu ba, yanayi ɗaya ne shekara duka. Ta ce ba mu da tururin Kenya, amma muna da wannan, kuma kowane gida a Kano a kansa yake zaune. Dabararta ita ce a binne dogon bututu a can ƙasa, a sa 'yar fanka ta tura iskar waje ta cikinsa, kafin iskar ta fito a ɗakin Malam ƙasa ta shanye zafinta. Fankar kuwa faifan sola ɗaya da ƙaramin batir sun ishe ta. Ta faɗa mini gaskiya cewa ba sanyin esi za a samu ba, kuma ba ta da tabbacin zai isa.

Yayana da ya ji sai ya ce shi ba zai zuba dukiyarsa a rami ba alhali ga ɗaki a shirye yana jiran Malam. Ya ba mu zuwa lokacin da zafi zai kankama, ya ce idan ya zo ya tarar ɗakin yana nan yadda yake, ba zai sake shawara da kowa ba. Malam kuwa da muka nemi izinin farfasa masa tsakar gida, cewa ya yi ƙasa ba ta taɓa cutar mu ba, mu haƙa. Saura kuɗin aiki. Albashin malamar makaranta kun san shi. Sai ga ni, ni ɗin nan da na fi kowa yi mata dariya, na ɗora janaretana a baro na kai kasuwa na sayar. Ina dawowa ina ce wa kaina, kai dai ka cika wawa, ka sayar da abin da kake gani ka sayi rami.

Mota ba ta shiga lungunmu balle injin haƙa, saboda haka masu haƙar rijiya muka ɗauko. Suka fara jan dogon rami daga bakin ɗakin girki zuwa ɗakin Malam. Ƙasar cikin gari abin kallo ce. Duk inda diga ta sauka sai ta fito da wani abu: fasassun tukwane, toka, guntun tubali, ƙasusuwan dabbobi, gini a kan gini. Ashe mu duka a kan rufin gidajen waɗansu muke zaune. Aiki ya yi ta tafiya lafiya har ramin ya kai ƙirjin mutum, sai wata safiya muka tashi muka ga katangar da ta raba mu da maƙwabta ta tsage tun daga sama har ƙasa. Ginin ƙasa ne na tun kaka da kakanni. Shugaban masu haƙar ya duba ya ce shi ba zai ƙara ko taƙi ɗaya ba, don idan katangar nan ta zauna, da mutane za ta zauna. Ƙanwata ta san gaskiya ya faɗa. Zurfin da aka samu kuwa bai kai inda ake nema ba, rana tana iya kai hannunta can.

Ranar na ga Injiniya ta zauna a bakin rami ta haɗa kai da gwiwa, ni kuma ko tsokana ɗaya ban iya yi ba. Yayana ya zo ya ga tsagar, bai yi faɗa ba, ya dai ce a mayar da ƙasa a gyara wa mutane katangarsu, ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci zai zo da mota bakin lungu. Malam yana jin mu daga ɗaki. Da na shiga kai masa ruwa sai na tarar ya sa an sauko masa da littattafansa daga kan kanta yana ware waɗanda zai tafi da su.

Masu haƙa suka fara mayar da ƙasa. A can ƙarshen ramin, ta wajen ɗakin Malam, ɗayansu yana gyara gefe sai digarsa ta daki wani abu mai tauri, ta yi ƙara. Ya share, sai ga baki zagayayye kamar na rijiya, an shafe shi da laso, irin simintin mutanen da. Muka ce shi ke nan, tsohuwar shadda ce, abin da ya rage mana ke nan. Amma da ya kwashe ƙasar cikinta kaɗan ya ɗago hannunsa, sai muka ga tafinsa ya yi shuɗi.

Ramin rini ne, irin na Ƙofar Mata sak, a tsakiyar gidanmu. Da aka bi gefensa sai ga wani, sai kuma ga wani, a jere. Muka ɗauko Malam a kan kujera muka kawo shi bakin wurin. Ya leƙa, ya ce a ɗebo masa ƙasar, ya murza ta a yatsunsa yana kallon shuɗin. Sai ya ce yana yaro kakarsa ta taɓa gaya masa cewa mutanenmu da suka zo daga Barno marina ne, daga baya ne suka ajiye muciya suka ɗauki alƙalami. Shi a zatonsa can Ƙofar Mata suka yi sana'arsu. Ya ce yau shekara nawa yana taka wurin nan zuwa alwala, bai san a kan marinar kakanninsa yake tafiya ba. Idonsa ya kawo ruwa, mu ma duk jikinmu ya yi sanyi.

Ƙanwata ce ta fara farfaɗowa. Ta tambayi shugaban masu haƙar ko za a iya kwashe cikin ramukan ba tare da an taɓa katanga ba. Ya ƙwanƙwasa lason ya saurara, ya ce wannan ginin ya fi na yanzu ƙarfi, ramin yana riƙe da kansa, ba ruwansa da katanga. Suka shiga yashewa. Kafin kowa ya sauka sai sun zura fitila a kan igiya sun ga ba ta mutu ba, don tsohon rami yana iya tara muguwar iska. Ƙasa ta yi ta fitowa, toka-toka da shuɗi-shuɗi, ramin yana ta tafiya, har ya wuce zurfin da ƙanwata take mafarki tun farko.

Da aka gama na farko na ce sai na shiga na gani da idona. Tsakar rana ce, irin ranar da ko takalmin roba yana laushi a kan siminti. Na bi tsani ina sauka. Zafin ya bi ni har wuya, sai ya tsaya, kamar an ja masa layi an ce kada ya wuce nan. Ƙafafuna suka shiga wani sanyi mai laushi, sannan cikina, sannan fuskata. Da na kai ƙasa na jingina bayana da bangon, na ɗaga kai na ga sama ta zama ɗan faifai fari, ga hayaniyar gari ta ɗauke ɗif. Wallahi sai na ji ina son yin kuka, ban kuma san dalili ba. Duk wahalar da muke sha a sama, da kati, da mai, da hayaƙi, da gumi, ashe ga wannan yana kwance a ƙarƙashin ƙafarmu, ba ya neman ko sisi, tun kafin a haifi kakan kakana. Sai da ƙanwata ta leƙo ta ce Yaya ko ka ƙaura ne, sannan na hau.

Da na ba Malam labari sai ya ce ai dole. Ya ce baba, wato shunin da ake rini da shi, ba ya son a dame shi da sauyin yanayi, idan zafi ya yi yawa ya lalace, idan sanyi ya yi yawa ya ƙi nuna, shi ya sa marina suke kai shi ƙasa inda babu ruwansa da abin da ake yi a sama. Ƙanwata ta ce abin da aka koya mata ke nan a Kenya, da turanci mai tsawo. Suka dubi juna suka yi dariya, uba da uwarsa.

Aka nannaɗe bututun roba a cikin ramukan kamar gammo, daga wannan ya zarce wancan, aka mayar da ƙasa ana yayyafa mata ruwa ana dannawa. Baki ɗaya ya fito a inuwar ɗakin girki da fanka a jikinsa, ɗayan ya huda bangon ɗakin Malam daidai kan gadonsa. Muka kunna muna ta zumuɗi. Iskar da ta fito ɗumi gare ta, ga warin ƙasa. Na dubi ƙanwata, na tuna janaretana. Ta ce in yi haƙuri, ƙasar da muka mayar ta kwana biyu a rana, sai ta manta da ranar tukuna. Ta roƙi yayana ya ƙara mana mako guda, ya ƙara, amma ya ce daga shi babu wani.

Kullum da safe sai in je in kara hannu a bakin bututun. Ban iya cewa ga ranar da abin ya juya ba, a hankali ya zo. Na dai lura Malam ya daina neman mafici, kuma kwanon tuwonsa ya fara dawowa babu saura.

Juma'ar da aka yi alkawari yayana ya zo, ya bar direba da mota a bakin lungu. Ya shigo cikin babbar riga, gumi ya jiƙa masa hula. Ya yi sallama ya shiga ɗakin Malam, ya durƙusa ya gaishe shi, sannan ya zauna a kan buzu a gefen gado don su yi maganar tafiya. Ina tsaye a bakin ƙofa. Na ga ya dubi esi da ke bango a kashe, ya dubi bakin bututun, ya cire hula ya ajiye a gwiwa. Ba sanyin da zai sa ka nemi bargo ba ne, irin na gindin tsamiya ne bayan an yi yayyafi. Malam ya fara ba shi labarin ramukan rini, a hankali, yana ja. Kafin ya kai ƙarshe kan yayana ya jingina da gado, sai minshari. Na matsa zan tashe shi, Malam ya ɗaga mini hannu. Ya ce da ƙaramar murya in je in sallami direba, in kuma mayar masa da littattafansa kan kanta. Yayana bai farka ba sai da aka kira la'asar, kuma bai sake tayar da maganar ƙaura ba. Shi ne ma ya biya kuɗin gyaran katangar maƙwabta.

Da yammar nan Malam ya kara tafinsa a bakin bututun ya daɗe, sannan ya kira ƙanwata.

"Uwata, kin tafi neman wuta, kin dawo mana da ni'ima."

Sai ya ƙara da cewa shi duk rayuwarsa idan aka ambaci ƙarƙashin ƙasa, duhu da ƙunci yake tunawa. Ya ce ashe ita ƙasar ba ita ce abin tsoro ba, abin da mutum ya shiga da shi ne.

Ba zan ce muku abin ba shi da matsala ba. Da damina sai mun toshe shi saboda laima da warin rima, kuma ɗaki ɗaya kawai yake iya ɗauka, shi ma don bangonsa na ƙasa ne mai kauri. Amma bayan nan an ƙara kuɗin wuta, an sake ƙarawa, man fetur ya yi abin da ya yi, duk ba su leƙa ɗakin Malam ba. Mun biya namu tun ranar da na tura baro kasuwa. Dattawansa ma da zafi ya yi zafi sai suka bar zaure suka dawo ɗakin da karatunsu, wasu ina zargin ba don karatun kaɗai suke daɗewa ba.

Malam ya ƙara ganin bazara biyu a ɗakinsa. A ta ukun, wata safiya bayan ɗalibansa sun tashi, Allah ya karɓi abinsa. Daga zauren nan aka fitar da shi, kamar mahaifinsa da kakansa.

Rana ta take sosai lokacin da muka isa maƙabarta, ƙasa tana ƙona tafin ƙafa. Ni da yayana muka shiga don mu karɓe shi. Da na durƙusa na zura hannuwana cikin ɗan kabarin ina gyara masa kwanciya a gefensa na dama, sai damtsena ya taɓa bangon. Na san wannan sanyin. Shi ne na ramin rini, shi ne wanda ya yi ta fitowa a kan gadonsa. Na ɗago na dubi yayana, na ga shi ma hannunsa yana jikin bangon bai ɗauke ba. Mutane a sama suna ta cewa Allah ya sanyaya makwanci. Addu'ar nan na ji ta sau ba adadi, na kuma faɗe ta ga mutane da yawa, amma ban taɓa jin ta a fatar jikina ba sai ranar.

Da muka dawo gida na tarar da ƙanwata ita kaɗai a ɗakinsa, zaune a kan buzu. Fankar tana ta juyawa, babu wanda ya tuna ya kashe ta. Ta ɗago ta dube ni, idanunta sun kumbura. Na zauna kusa da ita na ce, "Injiniya, akwai sanyi a can." Sai ta rufe fuskarta da mayafi.

Yanzu a ɗakin nake ɗinki idan bazara ta yi tsanani. Masu kawo aiki sukan tambaye ni ina na ɓoye esi, in nuna musu bakin bututu, wasu su yarda, wasu su ce tela dai ba ya rabo da ƙarya. Wanda ya tambaye ni shawara kan kuɗin wuta nakan ce masa ni ban san komai ba, sai abu ɗaya: duk abin da za ka biya sau ɗaya ka huta, ko da ya yi maka ciwo, ya fi abin da za a dinga yanka maka farashinsa kana ji kana gani. Sauran kuma tsakanina da ƙasa ne. Ina tafiya a lungunan cikin gari yanzu ina taka ta da wata irin kunya, don na san abin da take riƙe da shi. Kuma duk lokacin da iskar nan ta taɓa mini wuya ina kan keke, sai in tsayar da ƙafata in karanta wa Malam Ƙulhuwallahu, don ta wurinsa ta biyo.